Sawun Ƙwari a Lagireto

Injin motarmu ya buga a zagaye na sha ɗaya na tseren motoci, a ranar da mu ne kan gaba. Ni ce riƙe da agogo a bakin fili, don aikina ke nan a garejin Baba, duba daƙiƙoƙin kowane zagaye. Sai na hango farin hayaƙi ya turnuƙe can ƙarshen fili wajen tafki, motar ta gangara cikin ciyawa ta tsaya. Ƙanena Auta ne ke tuƙi. Sai da na ga ya fito da ƙafafunsa sannan na tuna da numfashi.

Da yamma ni na wanke masa ƙunar da ya samu a damtse, na shafa magani na ɗaure. Ya ce murfin inji ne ya lashe shi. Na yi masa faɗa kamar yadda na saba tun yana rarrafe, don tun rasuwar Inna ni na goya shi.

Da a nan abin ya tsaya, da mun ce tsautsayi ne. Amma washegari da safe Mai Inji, tsohon bakaniken da ya fi ni daɗewa a garejin, ya haska fitila a gaban motar ya ce kowa ya zo ya gani.

Motocin da muke tsere da su irin na titi ne masu ƙofa huɗu, sai dai an fitar da kujerun an ƙara musu ƙarfi. Gaban motar gaba ɗaya, daga bamba zuwa bakin da iska ke shiga, shi muke kira hanci. A bakin akwai raga mai tare tsakuwa, bayanta akwai wani faffaɗan bututu da muke ce wa maƙogwaro, shi ke kai iska fuskar lagireto. In bakin ya yi faɗi, inji ya sha iska amma iskar ta riƙe mota. In ya tsuke, mota ta yi gudu inji ya dahu. Mijina ne ke ƙera hancin, shi ya sa ake kiransa Mai Hanci, ko da yake nasa hancin bai taka kara ya karya ba. Shekara biyu ana ja da shi a kan bakin nan. Mai Inji kullum a ƙara faɗi yake so, Auta kullum a rage yatsa biyu, shi kuwa ya ƙi su duka, ya ce inda bakin ya tsaya nan ne wurinsa.

Abin da fitilar ta nuna shi ne danƙon salatif a gefe biyu na maƙogwaro, da maƙallin raga guda da aka mayar a juye. Wani ya zura wani abu ya tare iska kafin tsere, ya kuma cire bayan an gama.

"Injina lafiya lau na ba da shi," in ji Mai Inji. "Ruwa cike, fanka na juyawa. Shaƙe shi aka yi."

Mai Faci, wanda ke kula da tayoyi kuma ba a taɓa yin magana ya rasa abin ƙarawa ba, ya yi gyaran murya ya ce shi dai ba ya son shiga abin da ba ruwansa, amma makon jiya ya ga Mai Hanci yana fitowa daga garejin tsallaken titi. Motar garejin tsallaken titi ce ta ci tseren. Nan take idanu suka juyo kan mijina.

Baba ya dube shi ya ce, "Ba wanda ke taɓa hancin nan sai kai."

"Haka ne, Baba."

"To?"

Mijina ya sunkuyar da kai yana goge hannunsa da tsumma, hannun da ba datti a jikinsa. Wallahi ji na yi kamar in girgiza shi. Baba ya ba shi kwana uku ya haɗa kayan aikinsa. A sana'ar nan kuwa, wanda aka ce ya shaƙe motar gidansu da gangan, ko sifana ba wanda zai sake miƙa masa, daga wannan fili har wanda ba mu taɓa zuwa ba.

* * *

Kawu na je na ɗauko, yayan Inna. Shekara talatin ya yi yana bin sawun mafarauta a gandun daji kafin gwiwa ta zaunar da shi. Game da mota kuwa, abin da ya sani shi ne ƙofar da ake shiga.

"Ke 'yar nan, ni ina na san ciwon ƙarfe?"

"Ba ƙarfe za ka bi ba, Kawu. Mutum ne."

"To, in mutum ne, ba ya tafiya a sama."

Da ya shigo gareji da sandarsa, Mai Faci ya tambaya a hankali ko zaki ne ya ɓata. Kawu ya ji, ya kuma fara da shi.

"Ɗana, da ka gan shi yana fitowa daga can, me ke hannunsa?"

"Wani fallen ƙarfe a lanƙwashe."

"Ya ɓoye shi?"

"A'a, a kafaɗa ya saɓo shi."

"Ya gan ka?"

"Har ya gaishe ni."

"Madalla. Kai ina kake da rana tsaka ranar tsere?"

Mai Faci ya yi tsuru-tsuru. Lokacin nan ne kaɗai aka bar motar ita kaɗai a rumfa, kowa ya tafi cin abinci. Ya rantse yana layin karɓar abinci, har ya ambaci wanda ya taka masa ƙafa.

Mai Inji kuwa bai jira tambaya ba. Ya ce shi tun farko ya faɗa bakin nan ya yi kaɗan, ba a saurare shi ba, kuma shi ne farkon wanda ya isa wajen motar a kan babur, ya tarar da Auta zaune a ciyawa ya haɗa kai da gwiwa. Yana magana yana ɓoye hannun dama a aljihu. Kawu ya ce ya miƙo su gaisa. Bayan hannun ya tashi, ya yi bororo sabo fil.

"Murfin lagireto na buɗe, tururi ya watso min," in ji shi, fuska a murtuke.

Sai na ji wani mugun daɗi. Ga mutumin da ya shekara biyu yana neman abin da zai nuna cewa shi ne mai gaskiya, ga shi shi ya fara isa wajen motar, ga ƙuna. Na gama yanke masa hukunci a raina tun kafin ya mayar da hannun aljihu.

Auta yana zaune a kan tsohuwar taya cikin riga mai dogon hannu, ido ya faɗa. Kawu ya dafa kansa ya ce sannu, ya tambaye shi yaushe allurar da ke nuna zafin inji ta fara hawa. Ya ce tun zagaye na shida.

"Ba ka tsaya ba?"

"Ina gaba, Kawu. Ban taɓa jin motar nan tana gudu haka a miƙe ba."

Daga nan Kawu ya sa aka kwance masa hancin aka ajiye gefe. Ya durƙusa da ƙyar a gaban lagireto, ya kai fuskarsa kusa har na ɗauka sansana shi zai yi. Ya kusa rabin awa a haka. Da ya tashi sai ya ce kada wanda ya wanke, kada wanda ya taɓa, ya rufe shi da mayafina.

* * *

Rana ta biyu muka tafi filin tsere mu biyu. Ba kowa sai mai gadi da iska. Muka taka har ƙarshen fili inda ƙananan ƙwarin tafki suke yin gajimare a kan kwalta. Ni ban ga komai ba sai ciyawa a tattake da wani baƙin tabo inda ruwan lagireto ya zube.

Kawu ya nuna min da bakin sanda. Nan tayar babur ta tsaya. Nan takalmin Mai Inji, mai cin dunduniya ta waje. Nan kuma wani ya sa gwiwa ɗaya a gaban mota, ya dafa ƙasa da hagu.

"Mai Inji ne," na ce.

"Ke kika faɗa."

Ya juya baya ga tabon, ya wurga hannu kamar mai jifa, ya bi inda hannun ya nuna cikin dogayen ciyayi. Taku ashirin da wani abu ya tsaya, ya tura sanda ya ɗago wani falle na farin ƙarfe mara nauyi, faɗinsa kamar allon yanka albasa, da ragowar salatif a gefensa.

Na san ƙarfen. A bayansa akwai alamar jan alli da mijina ke yi wa duk guntun da ya rage masa kafin ya jefa a kwandon da ke ƙarƙashin teburinsa.

Kawu ya shafa gefen fallen da babban yatsa, ya dube ni tsawon lokaci.

"'Yar nan, a daji in na ga sawu ya nufi inda ba na so, wani lokaci nakan tambayi wanda ya aike ni ko har yanzu yana son a bi. Kina so?"

Na ɗauka mijina yake nufi. Na ce, "A bi. Ko waye."

* * *

Da la'asar na sami mijina a ɗakin aikinsa yana jera kayan aiki a akwati, kowanne sai ya goge shi ya naɗe a tsumma. Haushinsa ya sake kama ni.

"Me ka je yi a garejin tsallaken titi?"

"Na'urar lanƙwasa ƙarfenmu ta lalace. Tasu na ara."

"To me ya hana ka faɗa wa Baba?"

"Bai tambaya ba."

"Za a kore ka da sunan maci amana, kai kuma kana nan kana yi wa guduma wanka! Ka buɗe baki mana, Malam. Wa kake zargi?"

Ya ɗauki babban almakashinsa na yankan ƙarfe, ya buɗe ya rufe, ya ce, "Ba na zargin kowa."

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi min kyau ba. A wannan lokacin na zarge shi. Na tsaya ina kallon hannayensa ina neman tabo, ina tuna kowace rana da ya dawo a makare, ina tuna yadda Baba bai taɓa yaba masa a gaban mutane ba, ina cewa a raina ko abin ya ishe shi ne ya rama. Shekara tara da aure, kwana biyu suka isa in yi masa wannan kallon.

* * *

Safiyar rana ta uku Kawu ya ce a tara kowa. Baba ya zauna a kujerarsa ta bakin ƙofa, Mai Inji ya jingina da teburi, Mai Faci ya matso gaba don kada wani abu ya wuce shi. Auta na kan tayarsa. Mijina ya tsaya can baya kusa da akwatinsa da ya riga ya ɗaure.

Kawu ya ajiye fallen a ƙasa. Mai Faci ya ga jan allin ya ce, "Ai shi ke nan!"

"Ɗana, kwandon da aka ɗauko shi yana da kwaɗo?" in ji Kawu.

"Babu."

"To ka ɗan ja bakinka ya huta."

Ya yaye mayafin daga lagireto ya ce mu matso. Sai a lokacin na ga abin da ya shafe rabin awa yana kallo. Rabin sama na fuskar lagireto baƙi ƙirin yake da ƙwarin tafki, sun manne sun soye. Rabin ƙasa kuwa fes, kamar yau aka sayo shi. Tsakaninsu layi ne miƙaƙƙe. Kawu ya ɗora fallen a kan rabin ƙasa, ya zauna daram.

"Ni ban san mota ba," in ji shi, "amma ƙwari ba sa ƙarya. Sun shiga inda aka bar musu hanya. Wannan ya nuna abin da aka sa. Yanzu ku dubi nan."

Ya nuna wani wuri a rabin sama, gefen dama. A nan ƙwarin sun goge, siraran haƙoran lagireto sun kwanta kamar an danne su da wani abu mai tsawo.

"Wanda ya ciro fallen nan ya cire raga, ya sa gwiwa a ƙasa, ya zura hannu har kafaɗa. Fallen ya maƙale, sai ya tokare damtsensa a nan ya fizgo. Ga gashin hannunsa nan, ya ƙone ya manne. Gashi ba ya mannewa a ƙarfe mai sanyi. Mutumin bai jira abin ya huce ba, don yana tsoron kada wani ya iso."

Kowa ya juya ga Mai Inji. Tsohon ya zaro hannunsa daga aljihu, ya ce wallahi shi shekara arba'in bai taɓa cutar da inji ba.

"Mayar da hannunka, ɗan'uwa," in ji Kawu. "Taka ƙunar tururi ce, a bayan hannu, kuma takalminka a kan sawun gwiwar ya taka, ka zo ka tarar an gama. Wanda nake nema, a damtse tasa take. Kuma ba shafaffiya ba ce. Layi-layi ce ƙanana a jere, kamar an danna masa mataji mai zafi."

Mijina ya riga ya naɗe hannun rigarsa tun safe saboda aiki. Damatsansa biyu ba komai sai tsofaffin tabo.

Kawu bai kalli kowa ba sai ni.

Na san ƙunar. Ni na wanke ta da ruwan ɗumi. Har na ce a raina wane irin murfin inji ne mai haƙora haka, sannan na manta, don hankalina na kan ko yana jin zafi. Na san in na yi shiru Kawu ba zai ƙara kalma ba, don mai ƙunar ɗan ƙanwarsa ne. Zai ce sawu ya ɓace, ya ɗauki sandarsa ya tafi. Mijina kuma ya ɗauki akwatinsa.

Auta ya ɗago ya dube ni da idon nan da yake min tun yana ƙarami in ya fasa abu.

"Yaya," ya ce a hankali.

"Auta, naɗe hannun rigarka."

Bai naɗe ba. Kuka ya fashe da shi, ƙato da shi, gemu da komai. Ya ce shi ba inji ya so ya kashe ba. Kullum a miƙaƙƙen layi ake wuce shi, ya roƙi yatsa biyu an hana shi, sai ya ce bari ya gwada sau ɗaya, in ya ci tsere ya fito da fallen ya nuna wa kowa cewa shi ke da gaskiya. Da allura ta hau ya ce saura zagaye kaɗan. Da aka ɗora wa Mai Hanci laifin kuwa, kullum sai ya ce gobe zai faɗa.

Baba ya tashi, ya yi taku biyu kamar zai mare shi, sai ya tsaya. Ya ɗauki hular kwanon Auta daga kan teburi ya sa a kabad ya kulle, ya jefa makullin a aljihu. Sannan ya juya wajen mijina. Baba bai iya ba da haƙuri ba, ban taɓa ji ba tun da nake. Tsayawa ya yi a gaban akwatin yana kallonsa, ya sunkuya da kansa ya kwance igiyar.

Mai Faci ya ce ai shi dama tun farko jikinsa ya ba shi.

* * *

Bayan na raka Kawu ya hau mota, na dawo na sami mijina yana mayar da kayan aikinsa kan ƙusoshinsu. Fallen na kan teburi. Na ɗauka na shafa gefensa kamar yadda Kawu ya yi, sai ya kusa yanka ni. Yankan a karkace yake, ba a goge bakinsa ba. Mijina ko marfin gwangwani ya yanka sai ya goge masa baki.

"Ka sani," na ce.

Ya ci gaba da rataye guduma.

"Malam, ka sani tun yaushe?"

"Ranar tsere da safe na ga almakashina a ƙusar da ba tasa ba. Mutum ɗaya ne a gidan nan ke mayar da abu inda ya ga dama. Ban gane me ya yanka ba sai da Mai Inji ya haska fitila."

"Shi ne ka yi shiru? Za ka bar sunanka ya lalace?"

"Na ɗauka zai faɗa da kansa. Kwana uku ai da yawa." Ya rataye almakashin a ƙusarsa. "Kuma ke kika goya shi. Ban so ki ji daga bakina ba."

Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa idona. Na ce masa akwai abin da zan faɗa, game da jiya da la'asar.

"Na gani," ya ce. "Kin daɗe kina kallon hannuna."

Bai ƙara komai ba, kuma da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Ya jawo hancin motar ya ɗora a kan teburi, ya zaro tef ɗin awo ya miƙo min bakinsa.

"Riƙe min nan. Sabon inji zai zo, sai na sake auna bakin."

Na riƙe. Ya ja tef ɗin zuwa ɗaya gefen. Can ta taga na hango Auta zaune a bakin famfo shi kaɗai, yana ƙoƙarin kwance ɗaurin damtsensa da hannu ɗaya. Lokacin canza maganin ya yi.

"Je ki," in ji mijina, bai ko ɗago ba. "Bakin ba inda zai je."